SAYE KO HAYA: INA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA AJIYE BAYANAN KASUWANCINSA?

Jawabi ga 'yan kasuwa, da masu ƙananan masana'antu, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai

 

Kowa a cikinku ya sani dukiyar ɗan kasuwa kashi biyu ce. Akwai hajar da ke jibge a sito, akwai kuma littafin da akawu ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan wanda ake bi bashi da wanda ke bi. Idan haja ta ƙone, mai hali ya sake saro wata. Amma idan littafin bashi ya salwanta, sai dai a dogara ga gaskiyar waɗanda suka ci bashin. To, a wannan zamani littafin nan ya koma cikin kwamfuta. Sunayen abokan ciniki, da lissafin albashi, da rasit, da takardun haraji da na kwastan, duk can suke. Sabo da haka tambayar da ke gaban kowane mai kamfani, babba ko ƙarami, ita ce: a ina za a ajiye waɗannan bayanai, kuma a hannun wa?

HANYOYI BIYU

Hanya ta farko ita ce mutum ya sayi babbar kwamfuta tasa ta kansa, ya keɓe mata ɗaki a ofishinsa, sauran kwamfutocin ma'aikata su riƙa ɗebo bayani daga gare ta suna kuma zuba mata. Ita wannan babbar kwamfuta ana kiranta uwar garke, domin ita sauran ke bi. Ba a kashe ta, dare da rana tana aiki.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya kama hayar wuri a cikin kwamfutocin wani kamfani, ya riƙa aika bayanansa can ta intanet, yana biyan kuɗi wata-wata ko gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Wannan shi ne abin da Turawa suka laƙaba wa suna girgije. Kada sunan ya ruɗe ku. Abin da ake nufi gini ne a doron ƙasa, mai ɗauke da dubban kwamfutoci, da injinan wuta, da na'urorin sanyi, da masu gadi. Kamfanin Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006, Google ya shigo a 2008, Microsoft kuma ya buɗe nasa a 2010. Duk wanda ke da akwatin wasiƙa na Gmail ya riga ya ɗanɗana wannan hanya, ko da bai sani ba.

Misalin abin kamar manomi ne da ya yi girbi. Yana iya gina rumbu a gidansa, ya kashe kuɗin gini sau ɗaya, hatsinsa na kusa da shi, amma tsare shi daga gara da ɓera da gobara da ɓarawo duk yana wuyansa. Yana kuma iya kai hatsin babban sito na haya inda akwai masu gadi da maganin ƙwari, amma kowane wata sai ya biya, kuma ranar da gada ta karye tsakaninsa da siton, sai ya kwana da yunwa alhali yana da abinci. Babu hanyar da ta fi wata ga kowa da kowa. Abin da ya wajaba shi ne kowa ya auna nasa hali bisa abubuwa biyar da zan kawo muku ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: KUƊI

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta farashin sayen uwar garke da kuɗin hayar wata ɗaya, a yanke hukunci nan take. Lissafin gaskiya na shekara biyar ne, domin kusan iyakar ƙarkon da akan sa wa irin wannan na'ura ke nan kafin a fara shirin canja ta.

Mai son saye ya rubuta kuɗin na'urar, da lasisin manhajar da za ta yi aiki a cikinta, da batura, da na'urar sanyaya ɗaki, da man janareta, da albashin ma'aikacin da zai kula da ita, da kayan gyara. Mai son haya kuma ya rubuta kuɗin wata sau sittin, da kuɗin layin intanet mai ƙarfi, da na layi na biyu na ko-ta-kwana. Ya kuma bincika ko ana cajin kuɗi a kan bayanin da ya ɗebo daga can, domin kamfanoni da yawa ba su karɓar ko kwabo idan kana zuba bayani, amma suna lissafa maka kuɗi idan kana fitarwa.

Sai batun canjin kuɗi. Manyan kamfanonin waje da dala suke yanka farashinsu, ko da sun yarda ka biya da naira. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake wa kasuwar canji mara a wannan wata, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A ce ɗan kasuwa na biyan dala 200 kowane wata: a da naira 92,000 ke nan, daga baya ya koma naira 300,000, alhali ko takarda ɗaya bai ƙara a ajiyarsa ba. Wanda cinikinsa duka da naira yake, lalle ne ya yi tunani kafin ya ɗaura wa kansa bashin dala na kowane wata. Sai dai kuma a tuna, ita ma uwar garken da kayan gyaranta daga waje ake shigo da su. Bambancin kawai shi ne mai saye sau ɗaya yake shan zafin canji a cikin 'yan shekaru, mai haya kuwa duk ƙarshen wata.

A ɗaya gefen, haya na da wata fa'ida da saye ba shi da ita. Wanda ya sayi na'ura dole ya sayi wadda za ta ɗauki aikinsa na ranar da ya fi yawa, sauran kwanakin shekara kuwa tana zaune tana shan wuta. Mai haya yana ƙara wuri lokacin da ciniki ya buɗe, kamar gabanin Salla ko Kirsimeti ko lokacin kaka, ya rage idan kasuwa ta lafa. Jarin da zai kulle a cikin na'ura kuma sai ya juya shi a haja.

NA BIYU: WUTAR LANTARKI

Uwar garke ba ta jure ɗaukewar wuta ba zato, ba ta kuma jure zafi da ƙura. Wanda ya ajiye ta a Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu ba tare da sanyi ba, ya san kwananta ƙidayayye ne. A ce na'urar na jan wat 500. A rana yunit 12 ke nan, a wata yunit 360. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. Bisa wannan farashi, na'urar kaɗai ta sha wutar naira 81,000 a wata, ba a sa na'urar sanyi a lissafi ba, ba a kuma sa man dizal na sa'o'in da babu wuta ba.

Kuna kuma tune da watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kai wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka shafe kwana da kwanaki cikin duhu. Duk mai uwar garke a ofis a lokacin, ko dai ya ƙona mai dare da rana, ko ya rufe aiki. Sabo da haka wanda ba shi da tabbatacciyar wuta, ko ta hasken rana da batura isassu, hanyar saye za ta zame masa wahala.

NA UKU: LAYIN SADARWA

Abin da wuta take ga mai saye, shi layin intanet yake ga mai haya. Yawancin sadarwarmu da ƙasashen waje tana bi ta manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka fito gaɓar Legas. Biyu daga ciki, MainOne da Glo-1, sun fara aiki a 2010, na kamfanin Google mai suna Equiano kuma ya iso a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka tsinke a teku daura da ƙasar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, masu hulɗa da wasu bankunan ƙasar nan suka kasa tura kuɗi, gyara kuma ya ɗauki makonni. Wanda duk littattafansa ke wata cibiya a Turai, a ranar ya ga abin da karyewar gada ke nufi.

A cikin gida ma akwai darasi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara sabo da dalilan tsaro, daga baya rufewar ta shafi wasu sassa na jihohin da ke maƙwabtaka da ita, kuma ta daɗe. Ban da wannan, kullum masu aikin hanya na tsinke wayoyin da aka binne. Don haka kafin mutum ya kama haya, ya tambayi kansa: idan intanet ta ɗauke tun safe har yamma, zan iya sayar da kaya in yanka rasit? Idan amsar a'a ce, to ya nemi layi biyu daga kamfanoni biyu dabam-dabam, ko ya zaɓi manhajar da ke ci gaba da aiki ba intanet, ta aika bayanin daga baya idan layi ya dawo.

Kamfanonin haya sukan rubuta a yarjejeniya cewa aikinsu zai tsaya daram kashi 99.9 cikin ɗari. Wannan adadi na da daɗin ji, amma ma'anarsa ita ce an yarda aiki ya tsaya kusan sa'a tara a shekara. Alkawarin kuma a ƙofar cibiyarsu ya tsaya, bai shafi layin da ya zo ofishinka ba.

NA HUƊU: TSARO DA MA'AIKATA

Mutane da yawa na ganin abin da ke ƙarƙashin idonsu ya fi tsaro. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa ba haka ba ne. Uwar garke na bukatar mai kula da ita wanda ya san aiki, wanda zai riƙa sa mata gyare-gyaren da masu manhaja ke fitarwa don toshe kafofin da ɓarayi ke bi. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da majinyata gida. Abin takaici shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin annobar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba. Har ila yau manhaja na tsufa. Windows Server 2012, alal misali, an daina yi mata gyara tun Oktoba 2023, kuma duk ofishin da ke aiki da ita ba tare da wani tanadi ba, ƙofarsa a buɗe take.

Shi kuwa mai haya, kada ya ɗauka ya sauke nauyi duka. Kamfani na gadin ginin da na'urorin, amma mabuɗin ɗakinka na hannunka. Idan kalmar sirri ɗaya ce ma'aikata goma ke amfani da ita, ko an rubuta ta an manna a jikin bango, babu katangar da za ta yi amfani. Kowane ma'aikaci ya sami tasa kalmar, a kuma ƙara mataki na biyu, watau lambar da ake aikowa ta waya. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a toshe hanyarsa. Ina kuma jan kunnenku a kan wani abu da ke yawan faruwa: mai kamfani ya bar yaron da ke masa aikin kwamfuta ya yi rajistar komai da sunansa da lambar wayarsa. Ranar da suka ɓata, sai mai dukiya ya koma roƙon a buɗe masa littattafansa. A yi rajista da sunan kamfani, babban mabuɗi kuma ya zauna a hannun mai shi.

NA BIYAR: DOKA

Bayanan da kuke ajiyewa ba naku ba ne ku kaɗai. Sunan abokin ciniki, da lambar wayarsa, da lambar asusunsa, amana ce aka ba ku. A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin tsare su, ko a ofishinsa suke ko a hannun kamfanin da ya ɗauka haya. Idan aka yi kutse wanda zai iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da Hukumar cikin sa'a 72. Ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Tara ga manyan masu tara bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari.

Sabo da haka mai haya ya tambaya a wace ƙasa bayanansa za su zauna. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024, kuma da yawa daga bayanan kamfanonin ƙasar nan can suke ko a Turai. Masu harkar kuɗi da masu asibiti da masu yi wa gwamnati kwangila su fara tuntuɓar hukumomin da ke kula da su, domin akwai ƙarin ƙa'idoji a kansu.

HANYA TA TSAKIYA

Ba dole ne mutum ya tsaya a gefe ɗaya ba. A ƙasar nan yanzu akwai cibiyoyin ajiyar bayanai, kamar Rack Centre da ke Ikeja, da ta MainOne da ke Lekki wadda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022, da kuma na Galaxy Backbone, kamfanin Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 2006, mai cibiyoyi a Abuja da Kano. A irin waɗannan wurare mutum na iya sayen uwar garkensa ya kai ta ajiya, su ba ta wuta da sanyi da gadi, na'urar tasa ce, bayanan kuma ba su bar ƙasa ba. Akwai kuma kamfanonin gida da ke ba da haya suna yanka farashi da naira.

Ana kuma iya raba aikin. Abin da ba zai yiwu ya tsaya ko na sa'a ɗaya ba, kamar yanka rasit a kanti ko sarrafa injinan masana'anta, a bar shi a gida. Wasiƙu, da shafin tallan kaya, da takardun da rassa ke musaya, a kai su haya.

A taƙaice, mai ƙaramin kamfani da ba shi da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, ko mai rassa a garuruwa dabam-dabam, ko wanda ya fara kasuwanci bai san iya inda zai kai ba, haya ta fi dacewa da shi, muddin akwai intanet mai kyau a inda yake. Mai masana'anta ko asibiti da aikinsa bai cika canjawa ba, yana da wuta tabbatacciya da ƙwararren ma'aikaci, ko kuma yana inda layi ke yawan yankewa, saye na iya fi masa sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada wani ya bi wata hanya don kawai maƙwabcinsa ya bi ta.

KAFIN A SA HANNU

Duk wanda ya zo muku da tayin haya, ku nemi ya amsa waɗannan a rubuce. Da wane kuɗi ake lissafi, kuma wata nawa za a ba ni sanarwa kafin a ƙara farashi? A wace ƙasa bayanaina za su zauna? Idan na makara wajen biya, kwana nawa ne kafin a rufe mini, kwana nawa kuma kafin a goge? Idan na so tashi, ta yaya zan kwashe bayanaina, nawa kuma zan biya? Idan abu ya lalace da tsakar dare, wa zan kira? Wanda ya zo da tayin sayarwa kuma ku tambaye shi tsawon garanti, da inda ake samun kayan gyara, da wanda zai zo gyaran da kwana nawa zai ɗauka. Araha ba ta ado; wanda ya kasa amsa waɗannan, a bar shi da kayansa.

ABIN DA YA WAJABA A KAN KOWA

Na bar muhimmin abu a ƙarshe domin ya fi zama a zuciya. Ko saye kuka yi ko haya, kada bayananku su zauna a wuri guda. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban rumfuna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Duk abin da ke cikin rumfa, takarda ko na'ura, ya tafi tare da ita. Kada kuma a ce girgije ba ya cin wuta. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, gini guda ya ƙone ƙurmus, kuma masu haya da ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar bayanansu har abada. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi mai sauƙi ce: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Mai uwar garke a ofis ya riƙa aika kwafi zuwa girgije. Mai haya kuma ya riƙa sauko da kwafi a faifan ajiya ya kulle a gida. Bayan haka, aƙalla sau ɗaya a wata uku, a gwada buɗe kwafin a tabbata yana aiki, domin mutane da yawa sai ranar bukata suke tarar da abin da suka ajiye fanko ne.

'Yan'uwa, idan kun koma, ku zauna da akantocinku ku yi lissafin shekara biyar ɗin nan a kan takarda, ku duba halin wuta da na layi a inda kuke, ku tabbata da sunan wa aka yi rajistar bayananku, sa'an nan ku yi kwafi tun a wannan mako. Ku kuma isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba.

 Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.